Tsofaffin shaddodin maigida da zannuwana, ya za'ai su koma na yara?

Maman Sultan: Slm 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, jiya na zazzage sif ɗina na tarar da kaya himili guda, shaddodin Abban Sultan da ya daina sawa wasu wuyan ya cinye wasu aljihu ya yage, ga nawa atamfofin da suka min kaɗan tun haihuwar auta, ga wata babbar riga da tun bikin ƙaninsa bai ƙara waiwayarta ba. Kuma yaran nan kullum girma suke, Sultan shekara 5, Hanifa 3, auta wata 8. Na leƙa Kantin Kwari kwanaki naji kuɗin yadi na juyo abina. Akwai wadda ta taɓa rage kayan manya suka koma na yara kuma sukai kyau? Bana son irin wanda daga gani za'ace ga rigar babansa

Zee: Wslm Anti. Hhhh ni dai gsky bazan iya ba, yaran yanzu sun fi mu ido, a makarantar islamiyya ma sai wani yace masa wannan ai shaddar Abbanku ce

Maman 'Yan Biyu: Zee ke amarya ce har yanzu shiyasa, bari su zo biyu lokaci guda kamar nawa zaki nemi almakashi da kanki

Hajiya Yalwa: Ikon Allah, wai yau rage kaya ne ya zama abin tambaya. Mu da haka muka tashi, kuma da haka muka raini namu. Zanin uwa shi ne rigar 'ya, babu wanda yake jin kunya. Bari Rabi tazo ita ce mai sana'ar

Anti Rabi Tela: Gani Hajiya ina wuni. Maman Sultan kafin maganar ɗinki ki fara tantance kayan tukuna dan ba kowane tsohon kaya ne yake da sauran rai ba. Ki fita tsakar gida da rana ki ɗaga kowanne saitin haske, inda kikaga rana na ratsowa kamar rariya to nan ya mutu, ki zagaye gun da alli. Sannan ki kama da hannu biyu ki ɗan ja da ƙarfi, in kikaji yayi ƙara ko zaren ya buɗe to ya ruɓe, wannan ko kin ɗinka wanki biyu zai tsage a jikin yaro kinyi asarar kuɗin ɗinki da zare a banza, ki barshi a tsumma kawai. Abinda mutane basu lura ba shine kaya baya mutuwa gaba ɗaya, guri guri yake mutuwa. Kaftanin namiji wuya ne da bakin hannu da bakin aljihu da hammata, wando kuma gwiwa da tsakani da mazaunai. Amma bayan rigar daga ƙasan kafaɗa har ƙasa, da gaban daga inda aiki ya ƙare, sau da yawa zakiga lafiya lau suke. Namiji babba yadi 4 zuwa 5 yake ci a kaftani da wando, yaro ɗan shekara 5 yadi 2 ya isheshi, kinga ko rabin kayan ya mutu kina da abinda zaki fitar

Maman Sultan: Kai Anti Rabi Allah ya biya, ni wlh ban taɓa tunanin ɗagawa a rana ba. To babbar rigar fa? Ita ko sau uku bana jin ya sata

Anti Rabi Tela: Ai ita ce dukiyar. Cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando wajen yadi 10 ake yanka mata, kuma hannuwan nan da ake naɗewa a kafaɗa basa goguwa da komai. A hannuwa biyun kaɗai sai ki fitarwa Sultan riga da wando, 'yar cikin kuma ki ajiye ta sai baɗi

Hajiya Yalwa: Tsaya Rabi. Maman Sultan aikin rigar na hannu ne ko na keke? In aikin hannu ne irin na Zariya, aska biyu ko aska takwas, dan girman Allah kar ki sa mata almakashi. Wata da watanni mutum yake zaune yana wannan aikin da allura, irinta ake ajiyewa yaro ya girma ya tarar. In na kwamfuta ne wannan da ake bugawa a yini ɗaya to bismillah

Maman Sultan: Na kwamfuta ne Hajiya, duk 'yan uwan ango iri ɗaya sukai, anko ne

Zee: To kinga matsalar da nake faɗa, anko ne fa, duk dangi sun san kalar. Ranar da Sultan ya shiga gidan kakarsa da ita an gane

Maman 'Yan Biyu: Sai me in an gane Zee, sata akai? Kuma ai akwai rini

Malama Sa'a: Assalamu alaikum. Kafin aje ga rini ina da magana biyu. Na farko Maman Sultan kayan nan na maigida ne ba naki ba, ko ya shekara goma bai sa ba sai kin tambaye shi kafin ki yanka. Na biyu duk wanda babba zai iya sawa ya fita dashi ba tare da kunya ba, ni a ganina a bayar dashi yafi, akwai maigadi akwai 'yan uwa a ƙauye akwai magidanta da yawa da ko kala biyu basu da shi na zuwa Juma'a. Wanda wuya ya cinye ko ya yage shi ne na yankawa, dama bai kamata a bada irinsa sadaka ba, a Suratul Baƙara aya ta 267 an hanemu nufin mummunan abu mu bayar alhali mu kanmu bazamu karɓe shi ba sai mun runtse ido

Maman 'Yan Biyu: Malama gaskiya ne amma fa wani lokacin mai bayarwar ma tana buƙata, tunda aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, wanda da yake yiwa yara kala uku da sallah yanzu ɗaya ma da ƙyar. In na bada shaddar na koma ina cin bashin ta yara ai banyi dabara ba

Malama Sa'a: Ban ce dole ba Maman 'Yan Biyu, iyalinka su ne farko wannan babu ja. Na dai ce a duba. Sannan tunda ana maganar, in kayan mamaci ne to sun shiga gado, ba'a ɗauka a yankawa jikoki sai an raba ko duk magada sun yarda, wannan mata muna sakaci dashi sosai, uwa ta rasu kafin ayi bakwai an watse da zannuwanta

Hajiya Yalwa: Wannan haka yake Malama. Allah ya jiƙan magabatanmu

Maman Sultan: Amin. Zan tambaye shi in ya dawo in sha Allah, nasan dai cewa zaiyi dama kina da sauran wajen ajiya ne. Guda biyu masu kyau ne zan cire a kaiwa ƙaninsa dake makaranta. To Anti Rabi atamfofin fa, Hanifa nake son yiwa dogayen riguna

Anti Rabi Tela: Atamfa tafi sauƙi. Zani yadi 2 ne, yarinya 'yar shekara 3 yadi ɗaya da rabi ya mata doguwar riga har da tattara. Zani yana mutuwa ne a tsakiya inda ake zama da kuma bakin sama inda ake sokewa, amma gefen da yake shigewa ciki in kin ɗaura rana bata dukansa, zakiga yafi sauran kala. Sai ɗankwali, shi ba'a cika wanke shi kamar zani ba dan haka kusan sabo yake zama. To anan ake kuskure, mutum ya haɗa ɗankwali da zani a gaban riga ɗaya gefe da gefe sai ɓari ɗaya yayi jajir ɗaya yayi fari-fari, daga nesa an gane kwance ne. Abinda nake yi, ɗankwalin shi ne saman rigar da hannu, zanin shi ne siket ɗin ƙasa, sai in raba tsakaninsu da bel na yadi mara zane ko 'yar ribon, ido bazai kama bambancin ba sai a ɗauka sitayil ne. Kuma ki juya atamfar ki duba bayanta, mai kyau ta gaske irin su Holan ciki da waje kusan ɗaya ne, in wajen ya koɗe sai ki maida cikin ya zama waje. Masu arhar nan da aka buga musu zane a fuska ɗaya su kam babu wannan, bayansu fari ne

Zee: Tab, wannan dabarar ɗankwalin ta burgeni wlh

Hajiya Yalwa: Atamfar da ai ita ake juyawa. Lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki a nan Kaduna auduga ce zalla, zani sai ya koɗe bai yage ba, uwa ta ɗaura 'ya ta saka ƙanwa ta gada sannan ya koma nafkin. Wasu na yanzu ko wanki biyar basa kaiwa sun saki

Inno Sakkwato: Sallama gareku. Mu nan zahi ad damuwarmu, shi yasa ni tsohon zane na hi so ma jinjiri bisa ga sabo. Sabuwar atamfa tana da ƙarhi da sitaci tana kartar wuyan yaro, amma wadda anka wanke anka wanke ta yi laushi ita ka shan zuhwa. Ɗiyana duka da tsohin zannuwan innata munka yi masu 'yan rigunan shan iska, babu hannu babu zif, wuya mai hwaɗi a zura ta kai kawai

Sista Binta: Inno ta faɗi gaskiya, ga auta mai wata 8 tsohuwar auduga tafi komai, musamman lokacin ƙurajen zafi. Amma dan Allah ga abubuwan da nake roƙo a kiyaye dan muna ganinsu a wajen aiki. Duk wani dutse ko bid ko sikwin dake jikin leshi ko abaya a cire shi tas in dai yaron bai wuce shekara 3 ba, suna ɓantarewa su sa a baki ko hanci, maɓalli ma in za'a sa a ɗinke shi da kyau ana dubawa bayan wanki. Kar a sa igiya ko zariya a wuyan rigar ƙaramin yaro, tana iya maƙalewa a wani abu ta shaƙe shi. Leshi kuma in babu lainin na auduga a ciki yana cin fata. Sannan abaya da hijaban roba ɗinnan yawanci ba auduga bane, basa shan gumi, kuma in wuta ta taɓa su narkewa suke su manne a fata, lokacin hunturu da ake jin ɗumi a kasko ko gaban murhu abin tsoro ne. Audugar ma tana kamawa fa, doguwar riga mai baza a gaban wuta ko wace iri ce a kula

Maman Sultan: Innalillahi, ni kuwa har na ware wata baƙar abaya ta nace zata yiwa Hanifa kyau

Sista Binta: Ki mata ta zuwa unguwa ko islamiyya a saka a kan wasu kayan babu laifi, banda ta zaman gida da wasa a kicin, kuma ki cire duwatsun

Maman 'Yan Biyu: Ni bari in faɗi nawa na hunturu dan shi nafi ƙwarewa, bana ma kaiwa tela. Tsohuwar suwaitar babansu ko wadda na tsinta a gwanjo mai arha saboda ta huje a ciki, hannuwan nake yankewa daga kafaɗa, kowane hannu ƙafar wando ɗaya kenan, bakin hannun mai roba shi ne ƙasan wandon ya kama ƙafar yaro iska bata shiga. Sai in ɗan tsaga saman kowanne in haɗa su ya zama tsakani, in naɗe sama in zura roba, shikenan wando ya fito ko awa ɗaya ba'ai ba da allurar hannu. Ƙasan suwaitar kuma mai robar nan in yanko in zagaya kan yaro in tattare sama ya zama hular sanyi. Jikin da ya rage in an rage faɗinsa ya zama 'yar shara ta saman riga. Abu ɗaya dai, saƙa in kin yanka warwarewa take dan haka ki bi bakin da ɗinki sau biyu tun kafin ki fara ja

Zee: Anti dan Allah hoto

Maman 'Yan Biyu: Suna cikin jakar kayan sanyi a saman sif, in na sauko da ita zan ɗauka. Tishat ma haka nake mata, ta manya guda ɗaya tana bani wandunan ciki na yara ko singileti biyu, kuma ina barin ƙasan yadda kamfani suka naɗe shi dan nawa naɗin bazai kai nasu kyau ba

Anti Rabi Tela: Yawwa wannan ƙa'ida ce babba, duk inda akwai naɗi ko layin maɓalli mai kyau kar ki ɓata shi, ki ɗora yankanki akansa. Shat ɗin maza mai maɓalli a gaba misali, in kin juya ta maɓallan suka koma baya kin samu rigar yarinya ba sai kin sa zif ba ba sai kin huda gidan maɓalli ba. Amma tishat da hijabin jesi in zakuyi a keke ku sani baƙin Butterfly ɗinnan namu miƙaƙƙen ɗinki kawai yake, abu mai talewa kuma in an ja sai zaren ya tsinke, sai dai ki ɗan ja yadin kaɗan kina ɗinkawa ko ki kai a miki wibin, wato ɗinkin injin nan mai kama bakin yadi

Maman Sultan: To ni matsalata bani da keke kuma ban iya yanka ba. Telan unguwarmu na taɓa kai masa gyara ya ajiye min shi wata da watanni ƙarshe yace shi baya son aikin kwance

Anti Rabi Tela: Bazan goyi bayansa akan ajiye miki kaya ba amma bari in faɗa miki dalilin da yasa teloli suke gudu. Farke tsohon ɗinki yafi ɗinka sabo cin lokaci, kafin ka farke kaftani ɗaya ka ɗinka sabbi biyu, kuma mai kayan tana zuwa da tunanin tunda tsoho ne rabin kuɗi zata biya, alhali aikin ninki ne. Dan haka ki rage masa aiki. Ki zauna da almakashi da kanki, shadda ma kar ki tsaya farkewa da reza dan ramin allura baya ɓacewa a jikinta, kawai ki bi gefen ɗinkin ki yanke shi ki yar, ki fitar da manyan falle guda guda, baya daban gaba daban hannuwa daban, ki cire duk inda kika zagaye da alli. Ki wanke ki sa sitaci kaɗan ki goge su miƙe ki ninke. In kika kai masa haka yadi kika kai masa ba tsohuwar riga ba. Ki haɗa da rigar Sultan wadda ta masa daidai yanzu. Kuma kar ki kai ana saura sati uku sallah, babu wanda zai kalle ki, ki kai bayan sallah da sati biyu lokacin suna zaune suna hamma. In da mace mai ɗinki a gida a layinku ko yaran da suke koyo suka fara ƙwarewa sun fi karɓar irin wannan

Hadiza Nima: Gaisuwa daga Accra. Anti Rabi abinda kika faɗa haka ake a nan kasuwar Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ce, a ciki akwai teloli da aikinsu kenan, dila in an buɗe wanda yayi girma da yawa ko ya samu tabo basa zubarwa, a take za'a yanke shi a maida shi siket ko gajeren wando na yara a goge a rataye, in baki sani ba sai ki rantse haka yazo. Gobarar da akai a farkon 2025 ta cinye musu kekuna da kaya da yawa Allah ya mayar musu. Ni a gunsu na koyi sayen manyan riguna na auduga da babu mai so saboda girma, sun fi arha kuma yadin ciki yafi yawa

Maman 'Yan Biyu: Amin. Nan ma a Ƙofar Wambai in kika duba irin manya manyan nan zaki samu, ni har zanin gado na gwanjo nake saya in yi musu kayan bacci

Hajiya Yalwa: Mu kuma Kasuwar Barci. Amma a wanke da ruwan zafi a shanya a rana sosai a goge kafin ya taɓa jikin yaro

Zee: To maganar rinin fa da akace, ni ita nake jira dan inada farar shadda ta oga da ta koma ruwan ƙasa

Maman 'Yan Biyu: Au ke da bazaki iya ba 😂

Zee: Ai tambaya kawai nayi Anti

Anti Rabi Tela: Farar shadda ko mai ruwan madara ita tafi karɓar rini. Ƙa'idar dai daga haske ake tafiya zuwa duhu, fara zata koma shuɗiya ko ruwan toka ko kore mai duhu, amma mai duhu bazata koma haske ba. In a Kano kike ga marinar Ƙofar Mata nan masu baba, akwai kuma masu rinin zamani a unguwanni, in an gama ki bayar a buga miki ita a wajen masu bugu ƙyallin ya dawo. Abu biyu zaki kiyaye. Tabon mai ko na turare rini baya rufe shi wani lokacin ma ƙara fitowa yake, dan haka ki yanke gun tun farko. Sannan zaren aiki da zaren ɗinki yawanci na roba ne baya shan rini, zakiga riga ta koma shuɗiya aikin wuya yana nan fari. Shiyasa nake cewa a yanka fallayen tukuna, a rina su, sannan a ɗinka da zaren da ya dace da sabuwar kalar. Maman Sultan ankon nan naku in haske ne haka zaki masa, ko kakarsa bazata gane ba

Maman Sultan: Ruwan sararin samaniya ne mai haske, kenan zai iya komawa shuɗi mai duhu

Anti Rabi Tela: Sosai ma

Sista Binta: Rinanne dai banda auta dan Allah, jarirai suna tsotsar wuyan riga. Na Sultan ma a ɗauraye har sai ruwan ya daina canza kala. Masu yi a gida kuma sodar nan da ake haɗawa tana ƙona hannu, a sa safar hannu ta roba ayi a waje kuma a ɓoye ta inda yaro bazai kai ba, kar a zuba ta a robar lemo ko ta ruwa

Inno Sakkwato: Wani abu kuma da ban ji an hwaɗi ba, kar a yi goyo da zanen da ya ruɓe. Tsoho mai laushi na shimhiɗa ne da nafkin da share baki, amma na goyo da majanyi a sami mai ƙwari

Hajiya Yalwa: Allah ya miki albarka Inno. Kuma ƙyallayen da suka rage kar a zubar, a tara a leda, in sun taru a haɗa su a yi abin shimfiɗar yaro ko a cusa a matashi. Tsohon tawul kuma a yanka ƙanana a naɗe bakin da atamfa na goge bakin mai haƙori

Maman Sultan: Wlh na ƙaru. Anti Rabi tambaya ta ƙarshe, in naso in gwada wandon Hanifa da hannu kamar na Maman 'Yan Biyu ya zan auna, bani da tef ma

Anti Rabi Tela: Tef ki saya ba tsada, amma ko babu zaki iya. Ɗauko wandonta da ya mata daidai ki ninke shi biyu ƙafa kan ƙafa, ki ja tsakanin ya fito sosai, ki ɗora akan jarida ko takardar buhun siminti ki zana, ki buɗa robar ƙugun da hannu lokacin da kike zanawa in ba haka ba zai fito a tsuke bazai wuce mata mazaunai ba. Ki ƙara rabin inci a gefuna na ɗinki, sama ki ƙara inci ɗaya da rabi na gidan roba, ƙasa kuma ki bar kamar inci 2 ki naɗe ciki, in ta ƙara tsawo sai ki sauke. Tsawon wandon ya bi tsawon zanin yadda zaren yake tafiya, in kika yanka a karkace bayan wanki ƙafar zata murɗe. Roba kuma ki zagaya ƙugunta da ita ki rage kamar inci ɗaya, ki zura da fil, kafin ki ɗinke bakin ki gwada mata ki tabbatar yatsunki biyu suna shiga. Ki fara da zanin da kika fi rainawa

Zee: Anti Rabi ni kuma jins fa? Akwai nasa guda biyu da gwiwar ta fashe, ɗan yayata nake so in yiwa gajeren wando

Anti Rabi Tela: Jins daga gwiwa zuwa ƙasa zaki ɗauka, ƙafa ɗaya ɓari ɗaya, ki bar naɗin ƙasan da ɗinkin gefe yadda suke. Amma shi ba aikin allurar hannu bane zaki huda yatsa, a keke ma allura lamba 14 da muke atamfa da ita karyewa take, sai 16 ko 18, kuma inda ɗinki ya haɗu yayi kauri ki ɗan daddoke shi da guduma ya kwanta sannan ki juya keken da hannu a hankali ki wuce gun. Aljihun baya ki ɓanɓaro ɗaya ki manna masa a gaba, yara suna son aljihu. Shekararsa nawa?

Zee: Huɗu zai shiga

Anti Rabi Tela: To in mai faɗin ƙafa ne zai isa, in irin tsukakken nan ne sai kin haɗa da na biyun. Turo min hotonsu ta fira in gani kafin ki yanka